Yaro ya iya HCF, amma da an saka masa shi cikin labari sai biro ya tsaya

Ka ba ɗan JSS1 lambobi biyu ka ce nemo min HCF na 24 da 36, kafin ka juya ya rubuto maka 12, wato lamba mafi girma da ke raba duka biyun cif ba saura. Toh ɗauki wannan 24 da 36 ɗin dai ka ce masa wata mata ce ke da lemo 24 da ayaba 36, tana so ta ƙuƙƙulla su a leda, abin da ke cikin wannan leda shi ne a cikin waccan, kuma kada ko ɗaya ya ragu, leda nawa ne mafi yawa da za ta iya ƙullawa? Nan za ka ga ido ya raina fata. Wani ya tara ya ce 60, wani ya tafi LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da duka biyun ke shiga cikinta cif, ya dawo da 72, wani kuma ya ɗebe 24 daga 36 ya samu 12 ya ci maki alhali shi kansa bai san dalilin da ya sa ya ci ba. Lambobin ba su canza ba, lissafin ma bai canza ba, abin da ya canza kawai shi ne yanzu babu wanda ya raɗa masa a kunne cewa HCF ake nema.

Ni a ganina nan ne matsalar take, kuma nan ne aka fi yi wa yara rowar bayani. Ana ɓata sati guda ana koya musu yadda ake fitar da HCF, amma yadda za ka gane cewa tambaya HCF take so sai a ba shi minti goma a ƙarshen darasi, bayan kuwa a Common Entrance da BECE har zuwa WAEC da JAMB ba kullum ake miƙo maka lambobi tsirara ba, sau da yawa a cikin labari ake naɗe su, labarin kuma da Turanci, wato yaro sai ya fara kokawa da yaren kafin ya kai ga lissafin. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci PGCD suke ce masa, a Amurka kuma GCF ko GCD, duk abu ɗaya ne.

Mu fara daga tushe, a gurguje. Fakto na lamba shi ne duk lambar da za ta raba ta cif ba saura. Faktocin 24 su ne 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Na 36 kuma 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36. Waɗanda suka fito a duka layin biyu, 1, 2, 3, 4, 6, 12, su ne faktocin da suka yi tarayya a kai, babbansu kuma shi ne HCF. Shikenan fa, babu wani sirri bayan wannan.

Yanzu ga tambaya mai ɗan nama. Kwamitin wani masallaci ya tara kayan azumi, shinkafa mudu 84, gero mudu 126, sukari kwali 210. Suna so su raba wa gidaje, kowane gida ya samu daidai da abin da ɗan'uwansa ya samu na kowane kaya, ba a fasa kwali ba a raba mudu, kuma kada komai ya ragu a sito. Gidaje nawa ne mafi yawa da za su iya samu?

Kafin ka taɓa biro ka tambayi kanka, wannan lambar da nake nema, me za ta yi wa 84? Idan gidajen goma ne, mudu 84 zai ba kowa 8 ya bar 4, an karya sharaɗi. Kenan dole yawan gidajen ya raba 84 cif. Dole kuma ya raba 126, dole ya raba 210, domin gidajen da suka karɓi shinkafa su ne dai za su karɓi gero da sukari, ba wasu daban ba. Ka ga lambar ta zama fakto na duka ukun tun ba ka ambaci sunan HCF ba. Gida 2 zai yi, gida 3 zai yi, 6, 7, 14, 21 duk za su yi. Amma an ce mafi yawa, sai ka ɗauki na ƙololuwa. Wannan ɗan tunanin na layi huɗu shi ne ainihin aikin, ragowar duk aikin hannu ne.

Aikin hannun ma hanyoyi ne. Akwai jero faktoci kamar yadda muka yi a sama, tana da kyau ga ƙananan lambobi amma 210 kaɗai faktocinsa 16 ne, cikin sauri sai ka tsallake ɗaya, kuma wanda ka tsallake ɗin yana iya zama shi ne amsar. Akwai farfasa kowace lamba zuwa firaim, wato lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu irin su 2, 3, 5, 7, 11. 84 shi ne 2 × 2 × 3 × 7, 126 shi ne 2 × 3 × 3 × 7, 210 kuma 2 × 3 × 5 × 7. Sai ka duba abin da kowa yake da shi. Kowa na da 2 guda ɗaya aƙalla, 84 na da biyu amma sauran ɗai-ɗai gare su don haka ɗaya za ka ɗauka. Kowa na da 3 guda, kowa na da 7, shi kuwa 5 a wurin 210 kaɗai yake saboda haka ba ya cikin lissafi. 2 × 3 × 7 ya ba ka 42. Sai hanyar tebur da malamai suka fi so, ka jera lambobin uku a layi ka raba su duka da 2 su koma 42, 63, 105, ka raba da 3 su koma 14, 21, 35, ka raba da 7 su koma 2, 3, 5, daga nan babu lambar da za ta shiga dukansu sai ka tsaya. Na gefe ka ninka, 42. Abin da nake so da wannan hanyar shi ne layin ƙarshe ba shara ba ne, 2, 3, 5 ɗin nan su ne rabon kowane gida, shinkafa mudu 2, gero mudu 3, sukari kwali 5. Yara da yawa suna sake yin wani dogon rabawa don nemo abin da ke kwance a gabansu.

Amma a kula, teburin HCF da na LCM kamarsu ɗaya, bambancin shi ne a HCF ba ka raba wa sai lambar ta shiga duka, a LCM kuwa ko ɗaya ta shiga kana ci gaba har kowa ya koma 1. Wanda ya manta ya zarce da teburin can sama har ƙasa zai fito da 1260, ya ce gidaje 1260 za su raba mudu 84 na shinkafa.

Wannan kuwa ya kawo mu ga gwajin da ya fi kowane sauƙi. HCF ba ya taɓa wuce ƙaramar lambar da aka ba ka, LCM kuma ba ya taɓa gaza babbar. Idan labarin na yanka abu ne, ko rabawa, ko ƙullawa kashi-kashi, ko aunawa da ma'auni guda, amsarka za ta shiga cikin lambobin ne, HCF kenan. Idan kuwa labarin na abubuwa ne da ke maimaita kansu ana jiran ranar da za su haɗu, misali mace na zubin adashi biyu, ɗaya duk kwana 6 ɗaya duk kwana 8, yau sun faɗo rana ɗaya, yaushe za su sake haɗuwa, toh lambobin ne za su shiga cikin amsarka, kwana 24, LCM kenan. Wa ke shiga cikin wa, ita ce tambayar.

Abin da ba na so sam shi ne dabarar nan da ake koya wa yara a lesin, wai in ka ga kalmar da ke nufin mafi girma ko mafi yawa ka yi HCF, in ka ga mafi ƙanƙanta ko mafi ƙaranci ka yi LCM. Tana aiki sau da yawa, shi ya sa take da haɗari, domin masu shirya jarabawa su ma sun san da ita. Duba wannan. Ɗaki tsawonsa santimita 480, faɗinsa 360, ana so a shimfiɗe shi da tayil mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, duk girmansu ɗaya, ba tare da an yanka ko guda ba. Mene ne mafi ƙarancin adadin tayil da za a buƙata? Ɗan dabara ya hango mafi ƙaranci ya ruga LCM ya samo 1440, tayil mai santimita 1440 kenan, mita goma sha huɗu da ɗoriya, a ɗakin da bai kai mita biyar ba. Alhali in kana son tayil ya yi kaɗan a adadi dole kowane ɗaya ya yi girma iya girma, gefensa kuma dole ya raba 480 ya raba 360, HCF ɗinsu 120. Huɗu ta tsawo, uku ta faɗi, tayil 12. Kalmar ta nuna gabas amsar tana yamma.

Wani zai ce ai wannan lissafin takarda ne, wa ke zuwa kasuwa neman tayil ɗin da ya fi kowane girma? Gaskiya ne, mai gida kyau da farashi yake dubawa. Amma akwai abin da HCF ke ba ka wanda ba a cika faɗa a aji ba: duk wani fakto da lambobin biyu suka yi tarayya a kai, dole ya raba HCF ɗin. Ma'ana da ka samu 120 ka samu dukkan amsoshi a dunƙule. Mai 60 da 60 zai zauna a ɗakin nan ba yanka domin 60 na raba 120, mai 40 zai zauna, mai 30 zai zauna, mai 50 kuwa ba zai zauna ba, sai mai aiki ya ɗauko injin yanka. A zahiri dai akwai ɗan ratar da ake bari tsakanin tayil da tayil kuma bango ba ya cika miƙewa sak, amma a matsayin lissafin farko kafin ka biya kuɗi ya wadatar. Haka ma kwamitin masallacin can, in suka ga mudu 2 ya yi wa gida kaɗan ba sai sun sake lissafi daga farko ba, faktocin 42 kawai za su duba, gida 21 kowa ya samu ninki biyu, ko gida 14 kowa ya samu ninki uku.

Akwai ƙananan ramuka biyu da maki ke zubewa a cikinsu ba don rashin iya lissafi ba. Na farko ma'auni, a ba ka tsawo mita 4.8 faɗi kuma santimita 360, dole ka mai da su yare ɗaya kafin komai, haka yadi da inci, yadi ɗaya inci 36 ne, haka awa da minti. Na biyu shi ne tsayawa a HCF alhali tambayar ba ta tsaya nan ba. Gona mai tsawon mita 120 da faɗin mita 84 za a kewaye ta da shinge, a kafa dirka a kowace kusurwa, tazarar da ke tsakanin dirka da dirka ta zama ɗaya ko'ina, dirka nawa ne mafi ƙaranci? HCF na 120 da 84 shi ne 12, kuma ina tabbatar maka 12 na nan a cikin zaɓin A zuwa D tana jiran mai gaggawa. Amma 12 tazara ce ba dirka ba. Kewayen gonar 120 + 84 + 120 + 84, mita 408, ka raba da 12, dirka 34. Da a ce layi ɗaya ne miƙaƙƙe ba kewaye ba, misali gefen nan mai mita 120 kaɗai, tazara 10 ce amma dirka 11, domin akwai ta farko da ke tsaye a bakin layi.

Sai masu saura, waɗannan su ne ke firgita har manya. An raba wa yara dabino 130 da alewa 202 daidai-wa-daida, dabino 4 ya ragu alewa ma 4 ta ragu, yara nawa ne mafi yawa? In ka nemi HCF na 130 da 202 kai tsaye 2 za ka samu, kuma yara biyu ba za su bar saura 4 ba, ai da sun ƙara bibbiyu. Abin da aka raba da gaske shi ne abin da ya fita daga tire, 126 da 198, ka cire sauran tukuna. HCF ɗinsu 18, kowane yaro dabino 7 alewa 11. Wani lokaci ma ba za a faɗa maka sauran ba, a ce kawai wace lamba ce mafi girma da za ta raba 61 da 109 da 181 ta bar saura iri ɗaya a kowanne. Nan dabarar ita ce ka ɗebe su daga juna, tunda sauran ɗaya ne a ɗebewa zai ɓace. 109 a cire 61 saura 48, 181 a cire 109 saura 72. HCF na 48 da 72 shi ne 24. Gwada ka gani, 61 ya bar 13, 109 ya bar 13, 181 ma 13.

Wannan maganar ta ɗebewa ita ce ƙofar hanyar da na fi ƙauna, wadda kuma abin haushi ɗalibai da yawa ke gama sakandare ba su taɓa jin ta ba. A ce an kawo kujeru 667 da tebura 391 za a raba wa makarantu daidai ba saura. Bismilla, farfasa 391 zuwa firaim. 2 ba ya shiga, 3 ba ya shiga, 5, 7, 11, 13 duk ba sa shiga, yawancin mutane a nan suke sarewa su ce ai firaim ce HCF 1 ne, bayan da sun daure zuwa 17 da sun ga ta shiga. 667 kuwa sai ka kai 23 kafin ta buɗe.

Ga yadda za ka yi ba tare da ka san fakto ko ɗaya ba. Raba babba da ƙarami ka riƙe saura. 391 ya shiga 667 sau ɗaya, saura 276. Yanzu ka manta da 667, ka raba 391 da 276, sau ɗaya, saura 115. Raba 276 da 115, sau biyu, saura 46. Raba 115 da 46, sau biyu, saura 23. Raba 46 da 23, sau biyu cif, babu saura. Sauran ƙarshe kafin sifili shi ne HCF, 23. Makarantu 23, kowace kujeru 29 tebura 17. Layi biyar.

Me ya sa take aiki? Ka ɗauka akwai wani adadin makarantu da zai raba kujeru 667 cif ya kuma raba 391 cif. In ka ware 391 daga cikin 667 ɗin, ka cire abin da ke rabuwa daga cikin abin da ke rabuwa, toh abin da ya rage, 276, shi ma dole ya rabu da wannan adadin. Ta ɗaya gefen kuma duk abin da ya raba 391 da 276 zai raba jimlarsu 667. Kenan faktocin tarayya na 667 da 391 su ne dai na 391 da 276, ba ƙari ba ragi, ka sauya tambaya babba da ƙarama mai amsa iri ɗaya. Kana ta yi lambobin na ta ƙanƙancewa har ka iso inda ƙaramin ya shiga babban cif, a nan amsar ta fito fili da kanta. Yaron nan da ya ɗebe 24 daga 36 ya samu 12, matakin farko na wannan hanyar ya taka bai sani ba, sa'arsa ita ce 12 na raba 24. Da lemon 24 ne ayaba 40, ɗebewa 16 za ta ba shi, kuma 16 ba ta raba 24, sai ya ƙara taki ɗaya ya samu 8. In lambobi uku ne kuma ka yi wa biyu, abin da ya fito ka haɗa shi da na ukun.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya rubuta ta a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a farkon kashi na bakwai na littafinsa na lissafi, littafin da aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. Shi da ɗebewa yake yi a kai a kai, rabawar da muke yi yanzu gajarta ɗebewar ce kawai. Mutanen Sin ma suna da irinta a tsohon lissafinsu, da ita suke rage firakshon. A 1844 wani Bafaranshe mai suna Gabriel Lamé ya tabbatar da cewa matakan ba za su taɓa wuce ninki biyar na yawan alƙaluman ƙaramar lambar ba, wato lamba mai alƙaluma uku irin 391 ko ta ƙi ko ta so ba za ta wuce mataki 15 ba, mai alƙaluma ɗari ba za ta wuce 500 ba, wanda a wurin kwamfuta ko ƙiftawar ido bai kai ba. Farfasa lamba mai ɗaruruwan alƙaluma zuwa firaim kuwa aiki ne da manyan kwamfutoci ke kasa gamawa. Ni da za a tambaye ni, tun JSS1 za a koyar da ita gefe da gefe da tebur, domin rabawa da saura kawai take buƙata, abin da ɗan firamare ya riga ya iya.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar HCF kamar baƙon da boko ya kawo, alhali malamanmu na zaure da ke karantar da ilmin rabon gado suna aiki da shi tun da daɗewa da wasu sunaye. In suna kwatanta lambobi biyu hali huɗu suke dubawa, tamasuli in lambobin ɗaya ne, tadahuli in ƙaramar na shiga babbar cif, tawafuƙi in akwai wata lamba da ke raba su duka, tabayuni in babu abin da ya haɗa su sai 1. Ɗauki mutum ya rasu ya bar uwa da uba da 'ya'ya maza shida. Uwa sudusi, wato ɗaya bisa shida, uba sudusi, asalin mas'ala, wato yawan kason da za a fara kasa dukiyar, 6, uwa 1 uba 1, saura 4 na 'ya'ya. Kaso 4 ba zai rabu ga kawuna 6 ba sai an gutsuttsura. Malami zai duba 4 da 6 ya ce akwai tawafuƙi da rabi, wato HCF ɗinsu 2 ne, sai ya ɗauki rabin kawunan, 3, ya ninka asalin mas'alar da shi ta koma 18. Uwa 3, uba 3, 'ya'ya 12, kowa 2. Da ya ninka da 6 gaba ɗaya ma rabon zai fita, 36, kowane ɗa 4, amma lambobin sun kumbura ba dalili, kuma ƙa'idar fannin ita ce a tsaya a mafi ƙanƙantar lambar da kowa zai samu kasonsa ba gutsure. Da 'ya'yan biyar ne, 4 da 5 tabayuni ne, dole a ninka da biyar ɗin duka. Wannan ai tambayar labari ce ta HCF tsantsa, kuma wadda kuskure a cikinta ya fi faɗuwa jarabawa nauyi.

Da ka saba da shi za ka riƙa ganinsa a wuraren da ba a kira sunansa ba. Rage firakshon HCF ne, 391 bisa 667 ka raba sama da ƙasa da 23 ya koma 17 bisa 29 a bugu ɗaya. Allon talabijin ko waya mai 1920 da 1080 da ake ce wa 16:9, HCF ɗinsu 120 ne aka raba da shi. Mai jarka biyu, ta lita 25 da ta lita 20, ba tare da wani ma'auni ba, duk juye-juyen da zai yi daga wannan zuwa waccan abin da zai iya aunawa 5 ne da ninkin 5, lita 12 ba za ta taɓa fita ba, amma mai jarkar 25 da galan na lita 4 zai iya fitar da lita 1 cif, ya cika jarkar ya ɗebi galan shida, domin HCF na 25 da 4 shi ne 1. Akwai kuma ƙa'idar da ke ceton lokaci a jarabawa, HCF sau LCM daidai yake da lambobin biyu in an ninka su, 12 × 72 da 24 × 36 duk 864 ne. Ga lambobi biyu kaɗai fa, kada ka kai ta kan uku, gwada 2, 4, 6 ka gani, HCF 2 LCM 12 sun ba da 24 amma ninkin lambobin 48 ne. Mai aiki da Excel kuma ya rubuta =GCD(84,126,210) zai ga 42, sai dai Excel ba zai karanta maka labarin ya ce GCD za ka rubuta ba.

Har tsaron intanet abin ya taɓa. Tsarin RSA da Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, wanda aka daɗe ana kulle bayanai da shi, ya dogara ne kan a ɗauki firaim biyu manya-manya a ninka su, a bayyana wa duniya sakamakon a ɓoye firaim ɗin, tunda farfasa lamba mai wannan girma ya fi ƙarfin kowa. A 2012 wasu masu bincike suka tattaro miliyoyin irin waɗannan makullai da ke bayyane a intanet, ba su yi yunƙurin farfasa ko ɗaya ba, HCF kawai suka riƙa nema tsakanin makulli da makulli. Ya kamata kullum amsar ta zama 1. Sai ga dubbai da amsarsu ba 1 ba ce, saboda wasu na'urori, musamman ƙanana irin su rauta mai rarraba intanet, suna ƙirƙirar makullinsu ne da an kunna su karon farko lokacin da ba su da isasshen abin da za su yi zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi da shi, sai na'urori biyu daban su faɗa kan firaim guda. In makullina 391 ne naka 667, kowannensu shi kaɗai yana da wuyar fasawa, amma wanda ya haɗa su ya yi layi biyar ɗin can ya samu 23, ya raba nawa ya ga 17, ya raba naka ya ga 29, duka biyun sun buɗe.